Mun Adana wa Baƙo Kayansa, Namu Mun Bar wa Gara

'Yan'uwana ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu fita kuka kama aikin gwamnati, ina roƙon ku ba ni hankalinku na ɗan lokaci, domin akwai wata magana da ta tsaya mini a maƙogwaro tun zangon karatun da ya wuce. A wani zama da muka yi na masu sha'awar wasan kwaikwayo, na kawo shawara cewa bana mu bar wahalar neman kyamara da fitilu waɗanda ba mu da kuɗinsu, mu shirya wasa na murya zalla, irin wanda ake saurara da kunne. Ban rufe baki ba wani ɗan'uwa ya fashe da dariya, ya ce wai rediyo ai na masu gadi ne da tsofaffi, wai mu 'yan jami'a ba za mu koma baya ba. Jama'a suka taya shi dariya, aka wuce maganar. A ranar ban ba shi amsa ba, domin fushi ba ya barin mutum ya jera magana. Yau da na huce, ga amsata a rubuce, kuma ba shi kaɗai nake ba, har da duk mai irin ra'ayinsa.

Bari in fara da wani labari wanda ya faru a ƙasar nan, amma mutanen waje suka fi mu saninsa. A cikin watan Oktoba na 2013 gidan BBC ya ba da sanarwa cewa an gano wasu tsofaffin gwangwanayen fim a wani ɗakin ajiya na gidan talabijin a Jos. Wanda ya gano su wani Bature ne mai suna Philip Morris, wanda sana'arsa ke nan, bin ƙasashe yana neman tsofaffin shirye-shiryen da suka ɓace. Abin da ke cikin gwangwanayen kashi goma sha ɗaya ne na wani wasan talabijin na Ingila mai suna Doctor Who, kuma tara daga cikinsu an riga an fid da rai da su, domin ko BBC ɗin da ta shirya su ba ta da su. Labarai biyu ne, The Enemy of the World da The Web of Fear, waɗanda aka fara nunawa tsakanin ƙarshen 1967 da farkon 1968. Jaridun Ingila suka ɗauka, masoyan wasan suka yi ta murna kamar an yi musu haihuwa. Kafin wannan ma, a tsakiyar shekarun 1980, an taɓa mayar wa BBC wasu kashi-kashi na wasan daga Nijeriya. Watau sau biyu ke nan muna zama ma'ajin Turawa.

Ga wanda bai san wasan ba, Doctor Who ƙagaggen labarin kimiyya ne. An fara nuna shi ran 23 ga Nuwamba, 1963. Jaruminsa wani baƙo ne daga wata duniya, wanda ake kira Dakta kawai, yana yawo cikin zamani da sararin samaniya a cikin wani jirgi mai kama da shuɗin akwatin 'yan sanda, wanda cikinsa ya fi wajensa girma nesa ba kusa ba. Yau ya faɗa zamanin da ya shuɗe, gobe ya tsallaka shekaru dubu gaba. BBC ta sayar da wasan ga ƙasashe da yawa, kuma a tsakiyar shekarun 1960 gidan talabijin na nan Kaduna yana cikin waɗanda suka nuna shi. Saboda haka ba baƙo ba ne a garin nan, kakanninmu masu hali sun gan shi a akwatinsu na baƙi da fari.

To, yaya aka yi mai abu ya rasa abinsa har ya zo nema a Jos? Amsar ita ce sakaci. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1978, BBC ta riƙa goge kasakasan bidiyo don a sake ɗaukar wani abu a kansu, tana kuma zubar da gwangwanayen fim don a sami wuri, bisa tunanin cewa wasan da aka riga aka nuna ba shi da sauran amfani. Kafin a farga, kashi fiye da ɗari na Doctor Who sun salwanta. Gano na Jos shi ya rage adadin daga 106 zuwa 97 a wancan lokaci. Amma ga abin da nake so ɗan'uwana mai dariya ya riƙe da kyau. Duk kashin da hotonsa ya ɓace, muryarsa tana nan. Dalili kuwa shi ne wasu yara da samari masu son wasan sun riƙa kara rikoda a jikin talabijin ɗin gidajensu suna ɗaukar sautin. Babbar hukuma mai kuɗi da ma'aikata ta zubar, yara masu rikoda suka adana. Da waɗannan muryoyi ne daga baya aka riƙa zana hotuna masu motsi ana ɗora su a kai. Kashi na uku na The Web of Fear, wanda bai dawo tare da 'yan'uwansa daga Jos ba, ta haka aka cike gurbinsa a 2021.

Ba a nan aikin murya ya tsaya ba. A 1989 BBC ta dakatar da wasan, bayan shekara ashirin da shida ana yi. Aka yi fim guda a 1996, aka sake yin shiru. Da a wajenmu ne, da sai a ce Allah Ya ji ƙan rai, a shafa fatiha a watse. Su kuwa masoyan wasan sai wasunsu, ƙarƙashin wani ƙaramin kamfani mai suna Big Finish, suka nemi izni daga BBC, suka kira tsofaffin 'yan wasan, suka shiga ɗakin ɗaukar murya. A 1999 suka fitar da na farko, The Sirens of Time, da mutum uku waɗanda kowannensu ya taɓa fitowa a matsayin Dakta, watau Peter Davison da Colin Baker da Sylvester McCoy. Paul McGann, wanda ya fito a fim ɗin 1996, ya bi sahu a 2001, Tom Baker kuma a 2012. Ana sayar da wasannin a kaset da faifai, daga baya ta intanet, har suka kai ɗaruruwa. Sa'ad da wasan ya komo talabijin a 2005, sai ga shi yana ɗiba daga rumbun masu murya. Kashin da ake kira Dalek, wanda Robert Shearman ya rubuta, ya samo tushe ne daga wasansa na murya mai suna Jubilee na 2003, kuma Nicholas Briggs na Big Finish shi aka ɗauka ya yi muryar dodannin ƙarfen da ke cikin wasan. Ashe kunne ne ya riƙe wa ido amana har ya dawo daga tafiya.

Yanzu mu dawo gida, domin ban ɗauki alƙalami don in yi wa Ingila kirari ba. A 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa gidan rediyo da talabijin a Kaduna, wanda daga baya, a 1977 da 1978, aka raba shi tsakanin NTA da FRCN. Daga wannan gida ne Arewa ta san wasan kwaikwayo na zamani. A nan aka yi Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan. A nan Usman Baba Pategi ya zama Samanja Mazan Fama, a rediyo da talabijin, har sunan wasa ya danne na yanka. A nan Ƙasimu Yero ya yi Karambana, ya kuma fito a Magana Jari Ce, wanda aka ɗauko daga littafin Abubakar Imam. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne. Shekara da shekaru mutane suna tsara harkokinsu na mako domin kada lokacin wasa ya same su a hanya.

Ni ban riski wannan zamani ba, amma na tashi a Kakuri, a gidan tsohon ma'aikacin masaƙa, saboda haka na ji shi daga bakin mai shi. Kakuri da Makera garin masaƙu ne tun daga 1957, sa'ad da aka buɗe Kaduna Textiles, sauran suka biyo baya. Babana yakan ce idan aka busa jiniyar tashi, sai ka ga titi ya cika da kekuna kamar an buɗe dam. A layinsu akwai Bahaushe da Banufe da Bajju da Tibi da Idoma da Bayarabe da Ibo, kowa da harshen da yake yi wa 'ya'yansa faɗa da shi, amma idan aka fito tsakar gida Hausa ce ke haɗa su. Mutum ɗaya ne mai talabijin a layin, ranar Samanja kuwa sai ya fito da ita waje ya ɗora a kan tebur, manya a benci, yara a ƙasa. Abin da ya sa wasan ya shiga ransu shi ne Samanja da irin Hausarsu yake magana, Hausar bariki, wadda ake cakuɗa ta da Turancin kasuwa, a karya ta inda aka ga dama. Shi kansa mai wasan mutumin Pategi ne a ƙasar Nufe, kuma ya yi aikin soja da gaske. Kowa a layin nan yana jin kamar da shi ake. Har yau idan babana yana cikin nishaɗi yakan miƙe ya ƙame, ya kumbura murya ya kwaikwayi Samanja, mu yi ta dariya alhali ba mu taɓa ganin kashin da yake kwaikwayo ba.

To, ina tambaya, ina waɗannan wasanni suke yau? Wanda ya duba intanet zai tarar da 'yan gutsattsari, hoto ya dushe, murya tana shaƙewa, wani ba farko, wani ba ƙarshe. A hutun da ya wuce na ɗauki ƙafa na je wani gidan watsa labarai, ba zan faɗi sunansa ba, na ce ni ɗalibi ne, ina so in san abin da ke ɗakin ajiyarsu na tsofaffin wasanni. Na farko ya ce mai mabuɗi ya fita. Na koma, aka ce in rubuto takarda. Na rubuto, aka ce shugaban sashe yana taro. A zuwa na huɗu wani dattijo ma'aikaci ya ja ni gefe, ya ce, "Yaro, kada ka wahalar da kanka, ko an buɗe maka, injin da zai juya kasakasan nan ya daɗe da mutuwa." Na fito jikina a sanyaye. A hanya na riƙa tunanin gwangwanayen Jos, waɗanda suka yi kusan shekara arba'in a kan kanta har mai nemansu ya zo daga wata ƙasa. Namu wa zai zo nema?

Kada wani ya ce ai ba a taɓa yi ba. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗaukarsa ya ɓace. A 2016 aka gano gwangwanayensa, aka gyara shi da taimakon wata cibiya ta Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Abin farin ciki ne, amma akwai abin kunya a ciki: labarin Firayim Ministanmu na farko sai da ya bi ta Turai kafin jikokinsa su gan shi. Sa'an nan lokaci ba ya jiran takardarmu ta fito daga ofis. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017. Usman Baba Pategi ya rasu a Nuwamba 2023. Duk wanda ya tafi daga cikinsu, ya tafi da abin da ke kansa, yadda aka tsara wasa kaza, wa ya rubuta, wa ya fito, me ya sa aka daina. Turawa sun kira tsofaffin 'yan wasansu ɗakin ɗaukar murya tun suna da rai. Mu kuwa mun jira sai ranar jana'iza muka cika shafukan Facebook da hotunansu.

Watakila wani ya ce, to, wasa ne fa, mene ne abin tayar da jijiyar wuya? Wanda ya faɗi haka bai san Kaduna ba. Masaƙun nan sun rufe ɗaya bayan ɗaya, jiniya ta yi shiru. Rikicin 2000 da na 2002 suka zo suka raba garin, kogin da dā wurin wanki ne da kamun kifi ya koma kamar iyakar ƙasa. Mutanen layin babana sun watse, wasu sun haye gada sun yi arewa, wasu sun gangara Sabon Tasha da Unguwar Romi da Gonin Gora. Mu 'ya'yansu mun tashi ba mu san juna ba. Akwai abokan karatuna da ba su taɓa kwana a ƙetaren kogi ba, kowane ɓangare yana jin labarin ɗayan kamar labarin wata ƙasa. Abu kaɗan ne ya rage wanda dattijon Barnawa da dattijon Unguwar Sarki da na Narayi za su tuna tare su yi dariya, waɗannan wasanni kuwa suna ciki. Idan muka bari suka mutu, mun rushe wata gada ke nan da hannunmu, kuma ba a ba da kwangilar gina irinta. Murya ba ta tsayawa a shingen bincike, ba ta tambayar unguwar da za ta shiga.

Yanzu bari in ɗauki hujjojin masu dariya ɗaya bayan ɗaya. Ta farko, wai zamanin saurare ya wuce. Ina roƙon mai wannan magana ya cire abin da ya toshe kunnensa da shi, ya dubi abin da ke cikin wayarsa. Shiga motar haya daga Kakuri zuwa Kasuwar Barci ka ga abin da direba ya kunna. Je wurin tela, ko mai wanki da guga, ko matan da ke aikin gida, za ka tarar ana sauraron karatun littattafan Hausa, wani a rediyo, wani a YouTube, wani an turo masa ta WhatsApp, sa'o'i a jere. Mutum guda ne yake karantawa da murya ɗaya, ba kiɗa, ba motsi, amma dubban mutane suna bi. Jama'ar da ke yin haka da karatu tsura, me kake tsammani za su yi idan aka ba su wasa sosai, da 'yan wasa da sauti? Kuma murya ba ta cin kuɗin data kamar hoto, ba ta bukatar a zauna a zuba mata ido, ba ruwanta da ɗauke wuta. Masu gadin da aka raina, su ne mafi yawan jama'ar da muke cewa muna karatu domin mu yi wa aiki.

Ta biyu, wai labarin kimiyya da yawo a sararin samaniya ba namu ba ne, Bahaushe ba zai karɓa ba. Wannan magana rashin karatu ne ya kawo ta. A 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro Kilba da wani baƙo daga sama mai suna Kolin Koliyo, wanda ya ɗauke shi ya zaga da shi sararin samaniya. An karanta littafin a makarantun Arewa. Tun kafin shi, masu karatun Ganɗoki da Ruwan Bagaja sun saba da jarumin da ke barin garinsu ya faɗa duniyar da ba a san ta ba. Kakanninmu mata da suka raine mu da tatsuniya a cikin duhu ba su taɓa nuna mana hoton Dodo ba, amma kowannenmu ya gan shi sarai har ya kasa fita fitsari. Wasan murya jikan tatsuniya ne. Abin da ya faru kawai shi ne an buɗe mana ƙofa a 1969, muka ƙi shiga. Ƙasar da aka harba mata tauraron ɗan Adam na farko tun 2003 ba ta da hujjar cewa 'ya'yanta ba za su iya mafarkin sama da harshensu ba.

A nan ne ma murya ta fi hoto amfani ga talaka. Mai shirya fim a Kano ko Kaduna, idan ya ce zai nuna jirgin da ke ratsa taurari, kuɗin da zai kashe ya fi ƙarfinsa, in kuwa ya yi na araha sai ya zama abin dariya. A wasan murya, ɗan wasa ya ce ga jirgi nan ya sauka, a ji ƙara, shi ke nan jirgi ya sauka, kuma kowane mai sauraro zai ƙera nasa a zuciyarsa. Ƙarar jirgin Dakta, wadda duniya ta san ta fiye da shekara sittin, wani ma'aikacin BBC mai suna Brian Hodgson ne ya samo ta ta hanyar goga mabuɗi a jikin wayoyin wani tsohon piyano, sa'an nan ya sarrafa sautin. Mabuɗi da tsohon piyano! Mu da muke da maƙera da masu walda a Kakuri, da tsofaffin injuna, da kukuma da sarewa da shantu, a ce mun rasa abin da za mu yi ƙarar wata duniya da shi?

Ta uku, wai ina kiran mu da kwaikwayon Turawa. Wannan ita ce ta fi ba ni mamaki, domin masu faɗinta su ne ke kwana kallon fina-finan Indiya da na Koriya da aka fassara. Ni ban ce a kawo mana Dakta a sa masa babbar riga ba. Na kawo labarinsu ne domin sun yi irin kuskurenmu, sun zubar da kayansu da hannunsu. Bambancinmu da su guda ne: sun yi nadama, suka bi duniya suna tsintowa, abin da ya tsaya kuma suka ci gaba da shi da abin da ke hannunsu. Koyon nadama daga maƙwabci ba bauta ba ce. Bauta ita ce ka iya lissafa 'yan wasan wata ƙasa tun daga kakanninsu, a tambaye ka wa ya rubuta Zaman Duniya Iyawa Ne ka hau susar ƙeya.

Ta huɗu ita ce mai nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Ana cewa, tun da masu wasan sun rasu, wa zai ci gaba? Kuma da iznin wa? Gaskiya ne, wasa yana da masu shi. Akwai gidan da ya shirya, akwai iyalan marubuci da na ɗan wasa, akwai kamfanin da ya buga littafi. Big Finish ba su fara ba sai da suka sami izni a rubuce, mu ma tilas mu bi ta ƙofa, mu yi sallama, a kuma yanka wa magada rabonsu idan abu ya kawo kuɗi. Game da murya kuwa, ina jin wasu suna cewa ai yanzu kwamfuta tana iya kwaikwayon muryar kowa, sai a sa ta ta yi Samanja. Wannan ban yarda da shi ba ko kaɗan. A sa wa mamaci maganar da bai faɗa ba, da muryar da za a ɗauka tasa ce, cin amana ne, ko da iyalansa ba su kai ƙara ba. Hanyar mutunci a bayyane take. Tun 1966, sa'ad da William Hartnell ya bar wasan Patrick Troughton ya karɓa, masu Doctor Who suka saba wa jama'a da cewa ɗan wasa yana tafiya, labari ya ci gaba. Bayan rasuwar Jon Pertwee a 1996, da masu wasan murya suka so komawa ga Daktansa, wani ɗan wasa suka ɗauka, suka faɗi sunansa kowa ya sani. Mu ma muna iya haka. Barikin Samanja bai rushe ba, ana iya kawo sabon kurtu, ko jikan tsohon soja, a bar kujerar dattijo a inda take.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba na neman abin da ya fi ƙarfinmu. Ku yayyenmu da ke aiki a gidajen rediyo da talabijin da ma'aikatun watsa labarai da na al'adu, ku ne mabuɗan nan ke hannunku, ko kuwa za su zo hannunku nan da 'yan shekaru. Ku shiga ɗakunan ajiyar nan ku ƙirga abin da ke ciki, ku rubuta, ku buga jerin kowa ya gani, ko da abin da ya rage bai fi cikin kwali ɗaya ba. Abin da za a iya ceta a juye shi zuwa kwamfuta, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Ga Gidan Arewa a nan Kaduna, ga ma'ajiyar fina-finai da sauti ta ƙasa a Jos. Idan ana jiran sai an ware kuɗi a kasafi, gara da zafi da ƙura ba sa jiran kasafi. Wanda ya karɓi ofis ya tarar da tarihi a ciki, ya bar shi ya ruɓe, ba zai ce ba shi ya kashe zomon ba, domin ratayar ma a kafaɗarsa take.

Mu ɗalibai kuma namu aikin iri biyu ne. Na farko, kowa ya koma gida wannan hutu da wayarsa, ya zaunar da tsohonsa ko tsohuwarsa, ya ɗauki abin da suke tunawa na waɗannan wasanni. A nemi sauran 'yan wasa da marubuta da masu ɗaukar sauti da ke raye, a ji daga bakinsu. A tambayi gidajen da ke da tsofaffin kasakasai a ƙarƙashin gado, domin wa ya sani ko a Makera ma akwai wanda ya taɓa kara rikoda a jikin rediyo. Na biyu, Ƙungiyar Ɗalibai ta ɗauki nauyin wasan murya guda, kashi goma sha biyu, kowanne minti goma sha biyar. In an sami iznin magada, a ci gaba da tafiyar Kilba daga inda ta tsaya. In ba a samu ba, mu ƙaga namu. Ni dai ina da shawara: wasu yara daga ɓangarorin kogi biyu su shiga kangon wata masaƙa, su taɓa wani tsohon inji, ya jefa su Kaduna ta shekara ɗari gaba, su ga abin da rabuwarmu ta haifa, ko kuwa ya mayar da su ranar da jiniya ke busawa, su ga iyayensu a benci guda. Abin da ake bukata ɗaki ne mai shiru, da barguna a bango, da makirfo biyu, da kwamfuta ɗaya, da mutanen da za su zo a kan lokaci. Kuɗin bai kai na lemon da ake sha a bikin rantsar da shugabannin ƙungiya ba.

Ɗan'uwana mai dariya, na san za ka karanta wannan. Ban riƙe ka a zuciya ba, hasali ma muryarka mai kauri ce, ta dace da mugun sarkin wata duniya, kuma na riga na rubuta sunanka a gurbin. Babana ya yi alkawari zai zo ya koya mana yadda ake ƙamewa da yadda jiniyar masaƙa take kuka, amma ya ce mu yi sauri, domin shi ma ƙwaƙwalwarsa ta fara goge nata kasakasan. Za mu zauna ranar Asabar ta farko bayan komowa hutu. Wanda ke da murya ya zo da ita, wanda ke da tsohon kaset ya zo da shi, wanda ba shi da ko ɗaya ya zo da bargo.